Kafin Ka Sayar da Laftof Ɗinka: Sharhi Ga Masu Tace Bidiyo



Sharhinmu na yau na masu tace bidiyo ne, musamman matasan da suka riƙi wannan sana'a da laftof ɗaya tal, wadda yawanci ta hannu suka saya. Su ne ke haɗa bidiyon biki da na suna. Su ne ke yanka karatun tafsiri a watan azumi, su ɗora shi a intanet kafin a zauna na washegari. Su ne kuma ke zaune a ƙananan ofisoshi irin na titin Gidan Zu a Kano, suna harhaɗa fina-finai masu dogon zango da jama'a ke jira duk mako a YouTube. Kukansu kusan iri ɗaya ne: na'ura ta yi nauyi. Ka danna ta yi shiru, hoto na tafiya yana tsayawa, murya ta wuce baki ya biyo baya, wani lokaci ma manhajar ta rufe kanta da aikin da ba a adana ba.

Shawarar da aka fi ba su ita ce su sayar su sayi babba. Mai ba da shawarar ba daga aljihunsa kuɗin zai fita ba. Laftof ɗin da aka ƙera don aikin bidiyo da dala ake shigo da ita, kuma yaron da ke karɓar kuɗin aikin biki jefi-jefi zai daɗe bai tara kuɗinta ba. Ni a ganina, da yawa daga cikin waɗannan na'urori da sauran ƙarfinsu. Abubuwa biyu ne suka shaƙe su, wato ƙarancin RAM da tsohon rumbun ajiya, kuma duka biyun ana iya canza su da kuɗin da bai kai na sabuwar na'ura ba ko kusa. Sai dai akwai sharaɗi. Kada ka fitar da ko kwabo sai ka gano inda ciwon yake, domin akwai matsalar da ko ka cika na'urar da RAM ba za ta gyaru ba.

Ku ɗauki misalin shagon tela. Firosesa shi ne telan, RAM teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka, rumbun ajiya kuma kabad ɗin da kayan mutane suke jibge. Idan tebur ƙarami ne, dole tela ya riƙa mayar da wani yadin kabad kafin ya ɗauko wani. Idan ƙofar kabad ɗin tana da wuyar buɗewa, rabin yininsa a nan zai ƙare. Idan kuwa telan ne ba shi da sauri, faɗin tebur ba zai ƙara masa komai ba.

To yaya za ka san wanne ne naka? Ba sai ka je wurin kowa ba. Buɗe aikin da ya fi wahalar da kai, ka sa bidiyon yana tafiya, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito. Shiga shafin Performance ka zuba ido na ɗan lokaci. Idan ka ga Memory ya cika ya kusa kaiwa ƙarshe, RAM ne ya gaza. Idan Disk ne ya maƙale a kashi 100 alhali sauran suna hutawa, rumbun ne. Idan kuma CPU, wato firosesa, ne ya kai ƙololuwa, RAM da rumbu suna da sarari, to maganarka daban ce, za mu zo kanta. A wannan shafin dai, idan ka danna Memory, Windows zai nuna maka gurabe nawa ne na RAM a na'urarka, nawa ne a cike, da kuma gudun wanda ke ciki. Rubuta waɗannan a takarda kafin ka nufi kasuwa.

Mu fara da rumbu, domin a nan ake samun canjin da ido ke gani nan take. Tsohon rumbu faifai ne ke juyawa a cikinsa, a laftof yawanci sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke kai-komo tana karanta bayanai. Idan ya yi ƙoƙari, megabait 100 da ɗoriya yake bayarwa a daƙiƙa. SSD ba shi da abin da ke motsi ko ɗaya. Nau'in SATA yana kaiwa wajen megabait 550 a daƙiƙa, nau'in NVMe na ƙarni na uku wajen 3,500, na ƙarni na huɗu kuwa har 7,000.

Waɗannan manyan lambobi su ne ke jikin kwali, kuma su ne ke ruɗar mai saye. Bari mu yi lissafi. Kyamarar da ke ɗaukar hoto a kan megabit 100 a daƙiƙa, wanda shi ne abin da kyamarori da yawa ke yi a 4K, megabait 12 da rabi kacal take rubutawa a daƙiƙa. Ko tsohon rumbu zai iya karanta wannan idan shi kaɗai aka ba shi. Abin da ke kayar da shi shi ne tsalle-tsalle. Edita ba ya kallon bidiyo daga farko zuwa ƙarshe. Yana ja baya, yana zuwa gaba, ga hoton kyamara ta biyu, ga murya, ga kiɗa, ga Windows na nasa karatun, ga manhajar tana rubuta fayilolinta na wucin gadi, duk a kan allura ɗaya. SSD kuwa duk inda bayanin yake, kusan lokaci ɗaya yake ɗauko shi. Saboda haka tazarar da ke tsakanin tsohon rumbu da SSD kowane iri babba ce ƙwarai, amma wadda ke tsakanin SATA da NVMe, ga mai tace bidiyon biki ko na waya, ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba.

Shi ya sa nake cewa girma ya fi gudu muhimmanci a wannan sana'a. Waccan kyamarar tana cin gigabait 45 a awa ɗaya. Kyamara biyu, kowace ta yi awa uku a wurin kamu da dina, an tashi da gigabait 270. Wanda ya sayi NVMe mai gigabait 256 don an ce masa ya fi gudu, biki ɗaya ma ba zai shige masa ba. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, SATA mai terabait 1 ya fi maka amfani. Kuma kada ka cika shi maƙil, domin SSD na rage gudu idan ya kusa cika. Ka bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar a buɗe.

Akwai tarko a nan da ya ci kuɗin mutane da yawa. SSD yawanci siffa biyu yake zuwa. Akwai mai faɗi, inci 2 da rabi, wanda ke shiga daidai inda aka cire tsohon rumbu. Akwai kuma siriri mai suna M.2, wanda aka fi samu da lamba 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80. Wannan siririn yana iya zama SATA, yana iya zama NVMe, kuma a ido sun yi kama. Wasu na'urorin gurbinsu ɗaya kawai yake karɓa. Sai ka saya, ka sa, ka ɗaure, ka kunna, kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Juya laftof ɗinka ka karanta cikakkiyar lambar samfurinta, ka nemi littafin gyaranta a shafin kamfanin. HP da Dell da Lenovo duk suna saka irin waɗannan littattafai kyauta, da bayanin abin da kowane gurbi ke karɓa.

Tsohon rumbun da ka cire kada ka yar. Saya masa gida mai USB 3.0 ya zama ma'ajiyar ayyukan da aka gama. Idan na'urarka tsohuwa ce mai wurin faifan DVD, ana sayar da wani ƙarfe da ake sawa a gurbin, ya riƙe rumbu na biyu a ciki.

Sai maganar jabu, wadda ba zan wuce ta ba. A Farm Centre ne kake saye a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, 'yan kasuwa na gari suna nan da yawa, amma kayan da ke shigowa ƙasar sun haɗa da gurɓatattu, wani lokaci shi kansa mai shagon bai sani ba. Akwai SSD da aka yi wa dabara ya riƙa nuna terabait 1 alhali cikinsa bai kai ba. Zai karɓi fayil kamar lafiya, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da shi a lalace. Akwai kuma wanda ya sha aiki a wata ƙasa aka sake masa kwali. Manhajoji biyu na kyauta suna tona wannan asiri. CrystalDiskInfo zai nuna maka awa nawa rumbun ya yi a kunne da lafiyar da ta rage masa. H2testw kuma yana cika rumbun da bayanai ya sake karantawa, ya faɗa maka ainihin girmansa. Gwajin na ɗaukar lokaci, don haka ku yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ka biya, cewa idan ya faɗi gwaji za ka dawo da shi, kuma ya rubuta maka a rasit. Wanda ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba. Ka kuma lura da SSD masu arha sosai. Suna farawa da gudu, idan ka kwafi babban fayil suka cinye ɗan wurin da suke saurin rubutu a kai, sai su koma tafiyar da wani lokaci ba ta fi ta tsohon rumbu ba. Mai rubuta takardu ba zai taɓa lura ba. Kai da ke juye katin kyamara kullum, za ka gani tun ranar farko.

Yanzu RAM. Kamfanin Adobe da ke yin Premiere Pro ya sa gigabait 8 a matsayin mafi ƙaranci, ya ba da shawarar 16 ga mai aikin HD, 32 ko fiye ga mai aikin 4K. Kamfanin Blackmagic mai DaVinci Resolve daga 16 ya fara, ya ce 32 idan za a yi amfani da ɓangaren Fusion. Laftof ɗin da ake shigo da su na hannu kuwa da yawa da 4 ko 8 suke zuwa, kuma Windows kaɗai yana cinye kaso mai tsoka kafin ka buɗe komai. Idan RAM ya cika, Windows na ara wuri a rumbun ajiya ya riƙa zuba ragowar, kuma wannan ne lokacin da na'ura ke daskarewa. Daga 8 zuwa 16 canji ne da za ka ji a hannunka. Daga 16 zuwa 32 ya dogara da aikinka. Idan kana buɗe After Effects ko Photoshop a gefe, ko aikinka 4K ne mai tsawo, ya cancanci kuɗinsa. Idan gajerun bidiyo kake yankawa a CapCut, riƙe kuɗinka.

RAM ma tsara-tsara ne, kuma ba sa shiga gurbin juna. DDR3 na laftof haƙora 204 gare shi, DDR4 yana da 260, DDR5 kuma 262, kuma tsagar da ke ƙasan kowanne ba wuri ɗaya take ba. Idan ya ƙi shiga kada ka matsa, ba nasa ba ne. A cikin DDR3 ɗin ma akwai mai harafin L a ƙarshe, wanda ke aiki da wuta bolt 1.35 maimakon 1.5, kuma na'urori irin su HP EliteBook 840 G1 da G2 shi suke buƙata. Kowace na'ura kuma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Yawancin masu DDR3 a gigabait 16 suke tsayawa.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne amfanin sanda biyu. Gigabait 16 da aka raba 8 da 8 a gurabe biyu ya fi 16 guda ɗaya aiki, saboda firosesa na samun hanya biyu ta ɗebo bayanai a lokaci guda. Wannan ya fi shafar na'urorin da ba su da katin hoto na daban, waɗanda su ne mafi yawa a hannun matasanmu, domin ɓangaren hotonsu daga cikin RAM ɗin yake ɗiba. Ka nemi biyu masu girma ɗaya da gudu ɗaya. Idan gudunsu ya bambanta, duka biyun za su koma tafiya da gudun na ƙasa. Bayan an sa, a gwada da MemTest86. RAM mai lahani ba kullum yake hana kwamfuta tashi ba, wani lokaci sai ana tsakiyar fitar da aiki ya kayar da ita.

Wasu kuma ba su da wannan damar gaba ɗaya. Kamfanoni sun koma liƙe RAM a jikin allon kwamfuta da dalma don na'ura ta yi siriri. Apple ya yi haka a MacBook Pro mai allon Retina tun 2012, kuma daga 2020 da ya fito da firosesan M1, RAM ɗin a haɗe yake da firosesa, abin da ka saya da shi za ka zauna. ThinkPad X1 Carbon ma a liƙe yake. ThinkPad T480 gurabe biyu gare shi a buɗe, amma T490 da ya biyo bayansa ɗaya a liƙe, ɗaya a buɗe. Wannan salon ƙira bai yi mini ba ko kaɗan. A ƙasashen da mutum ke canza na'ura duk bayan 'yan shekaru ba a jin zafinsa. Mu da na'urar ke iso mana bayan wani ya gama da ita, mu ne ake rufe wa ƙofar gyara. Duk mai shirin sayen laftof don wannan aiki, ya tambaya ko ana ƙara mata RAM kafin ya tambayi kalarta ko siririntarta.

Mu koma kan wanda ya duba ya ga CPU ne ke cika. Bidiyon da wayoyi da ƙananan kyamarori ke ɗauka, H.264 ko H.265, a matse yake ƙwarai. Ba kowane hoto ake adanawa cikakke ba. Ana ajiye ɗaya, sannan a riƙa rubuta bambancin da ke tsakaninsa da na gaba. Duk lokacin da ka tsaya a tsakiya, sai firosesa ya koma baya ya lissafo hoton. Intel ya sa wani ɓangare na musamman mai suna Quick Sync a firosesocinsa tun 2011 don wannan aiki, amma cikakken karatun H.265 sai a tsara ta shida ya zo, mai launi bit 10 kuma a ta bakwai. Don haka mai Core i5 na tsara ta uku ko ta huɗu da aka kawo masa bidiyon 4K daga sabuwar iPhone, ko RAM nawa ya sa, hoton zai ci gaba da tsayawa.

Maganin wannan kyauta ne, kuma abin mamaki editoci da yawa ba sa amfani da shi. Premiere da DaVinci duk suna iya yin furoksi, wato ƙaramin kwafi mara nauyi na kowane bidiyo. Da shi za ka yi yanke-yankenka cikin sauƙi, idan ka zo fitar da aiki manhajar ta koma kan na asali da cikakken kyansa. Ka juye kati da dare, ka bar na'ura ta kwana tana yin furoksin idan akwai wuta, da safe ka zauna aiki. Ka kuma rage ingancin hoton da kake kallo yayin aiki zuwa rabi ko kwata, wannan ba ya taɓa abin da za ka miƙa wa mai aiki. Furoksi wuri yake ci, wanda ya sake dawo da mu kan amfanin babban SSD. Abin da ƙarin RAM da SSD ba za su rage sosai ba shi ne lokacin fitar da aiki, domin wannan nauyin firosesa ne da katin hoto. Gara ka san haka tun yanzu da ka kashe kuɗi ka zo kana jin an cuce ka.

Sai zafi. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafi na haura digiri 40. Firosesa idan ya kusa digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka da ƙofofin iska. Na'urar da ke farawa lafiya, bayan ɗan lokaci ta fara ja da baya fanka na kuka, zafi ne ke damunta. Tunda za a buɗe ta don sa RAM, a share fankar, a goge busasshen man da ke kan firosesa a sa sabo. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma ana aiki, ta ƙasa take shaƙar iska.

Wajen buɗewar, a kashe ta gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir ko a zare wayarsa idan na ciki ne. A taɓa wani ƙarfe kafin a taɓa kayan ciki, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara ɗan lantarkin nan da ke tartsatsi. RAM a karkace ake sa shi, a danna ƙasa har maƙallan gefe biyu su kama. Idan ba ka saba ba, kai wa mai gyara, kuɗin aikin ba shi da yawa. Amma ka zauna a yi a gabanka, kuma tsohon rumbun ya dawo hannunka. Ba zargin kowa nake ba. Abin da ke cikin na'urar edita ba nasa ba ne, hotunan matan mutane ne da 'ya'yansu a ranar farin cikinsu, fim ne da furodusa ya zuba jarinsa bai fitar ba tukuna. Amana ce, kuma mun sha ganin yadda bidiyo ɗaya da ya fita ba da izini ba ke jefa gida cikin tashin hankali.

Kafin a taɓa ko sukuru ɗaya, a kwafe komai zuwa wani wuri. Bayan an sa SSD ɗin ma a ci gaba da haka. Tsohon rumbu sau da yawa yana ba da alama kafin ya mutu, ya fara ƙara ko ya riƙa jinkiri. SSD na iya tafiya rana ɗaya ba sallama, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya, abin da aka goge ma da wuya ya dawo. Fim idan ya ɓata ana iya sake kiran 'yan wasa, da asara mai yawa. Ɗaurin aure ba a sake shi. Duk bidiyon da aka juye daga kyamara ya zauna a wuri biyu, kuma kada a goge katin sai an tabbatar duka kwafin biyu suna buɗewa.

Ga wanda kuɗinsa ba za su kai duka a lokaci ɗaya ba, idan har yanzu tsohon rumbu mai faifai ne a na'urarka, fara da SSD. Idan kana da SSD amma RAM ɗinka 4 ne ko 8, kai shi 16 da sanda biyu. Idan duka biyun sun samu kuma CPU na nan a kashi 100 ko da furoksi, to lokacin tara kuɗin wata na'urar ya yi. Ka nemi mai firosesan Intel na tsara ta takwas zuwa sama, ko takwaransa na AMD, domin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum na Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga wajen wannan tsarar yake farawa. SSD ɗin da ka saya yau kuma ba asara ba ne, za ka iya cire shi ka sa a sabuwar, ko ka saya masa gida ya zama rumbun waje.